Takwas da Tara a Hannun Dolor

Matar da kike nunawa a hoton nan Dolor Bugeja ce. Ba jini ya haɗa mu ba, amma Yaya nake ce mata tun a cikin jirgin ruwa. Tana da shekara tara ina da biyar aka kwaso mu daga Malta aka sauke mu nan Mackay, tsakiyar gonakin rake. Uban kowa yankan rake ya zo yi. Makaranta kuwa leƙe muka yi mata. Ni na yi wata huɗu, ita ko sati biyu ba ta cika ba aka ce ta dawo gida ta riƙe ƙannenta. Har ta koma ga Allah ba ta iya karanta wasiƙa ba. Amma lamba, ko daga nesa ta hango ta, ta gane ta.

Mace ce gajera mai kaurin hannu, ba ta da yawan magana, kuma ba ta mantuwa. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi. Akwai wani maƙwabcinsu da karensa ya shiga ya kashe mata zomaye shida, ta je ta gaya masa, ya ce ai kare kare ne. Bayan shekara uku shingensa ya faɗi, shanunsa suka fita suka bi titi ɗaya bayan ɗaya, tana zaune a baranda tana shan shayi tana ƙirga su. Sai da na ƙarshe ya sha kwana sannan ta tashi ta wanke kofinta.

Mijinta Wenzu zuciya ce ta buga masa a gona, ana tsakiyar girbi, ya bar ta da 'ya ɗaya, Marlene. Shi ne ta kama aiki a kicin ɗin kulob ɗinmu, inda tsofaffi ke gara ƙwallo a kan ciyawa. Shekara ashirin da tara tana wurin. Kifi da soyayyen dankali, miyar zomo ran Juma'a, sai fastizi ɗinta, gasasshen ƙullu mai cuku a ciki, wanda mutane ke tuƙo mota tun daga Sarina don su saya da zafinsa. Asuba take zuwa ta murza ƙullun da hannu, ba ta yarda da inji ba.

To sai Neville Strachan ya zama shugaban kulob. Dillalin tarakta ne, dogo, mai farar safa har gwiwa da zobe a ƙaramin yatsa. Shi ya ga cewa abincin da ake kawowa a daskare cikin kwali ya fi sauƙi, a zuba a mai kawai a ɗebe. Wannan ba laifi ba ne, kulob nasu ne, su suka zaɓe shi. Yadda ya yi shi ne laifin. Ranar cin abincin Kirsimeti, da rana tsaka, mutum ya fi ɗari a zaune, ya ɗauki makirfo ya ce a kira masa Dolor daga kicin. Ta fito da gari a hannu, tana tsammanin yabon abinci za a yi. Ya miƙa mata furanni, ya ce yau Dolor za ta huta, tun kafin idonta ya kai ta ga zuba mana sukari a miyar zomo. Aka yi dariya. Ba wanda ya taɓa ce mata za a sallame ta. A bakin makirfo ta ji, tana tsaye riƙe da furanni.

Ta koma ciki ta gama wanke tukwanen tas, ta rataye kowace a ƙusarta. Furannin kuwa zomayenta ta kai wa.

Shi Neville abin da yake taƙama da shi a duniya ba tarakta ba ne, karta ce. Duk Lahadi bayan an taso daga coci ana buga foka a ɗakin da ke jikin kicin. Ba kuɗi ake sawa ba, kwabban roba ake raba wa kowa daidai, wanda nasa suka ƙare ya tashi, har a rage mutum ɗaya. A ƙarshen shekara kuma waɗanda suka fi ƙoƙari su haɗu a yi babbar gasa. Tsohuwar al'adar kulob ce, wanda ya ci wani abu sau biyar a jere a sa wa wuri sunansa. Barandar baya sunan wani mai gara ƙwallo take amsawa, mashayar ma haka. Neville ya ci gasar karta sau biyu lokacin da ya kori Dolor. Ya ci ta uku tana zaune a gida. Kowa ya san inda aka dosa, ɗakin nan da ke jikin kicin ɗinta zai zama Ɗakin Neville Strachan.

Wata Lahadi Dolor ta same ni ina shirin tafiya wasan, ta ce in tsaya ta ɗauko jakarta. Na ce Yaya, ke da karta? Ta ce in koya mata a mota. Muna cikin tafiya ta faɗi abin da ya kawo ta, sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba: "Ba za a manna sunan mutumin nan a jikin bangon kicin ɗina ina numfashi ba."

Tana da shekara sittin da shida lokacin. Wasan bai ba ta wuya ba, tunda lamba ce. Karta biyu a rufe a hannunki, biyar a buɗe a tsakiya, uku tukuna, sai ɗaya, sai ta ƙarshe, ki haɗa da naki ki ga me kika samu. Abin da ya fi ba ta haushi kujerar ƙaramin makaho ce. Kujeru biyu ne da ake zuba musu dole tun mutum bai ga kartarsa ba, ƙarami da babba, kuma suna zagayawa, kowa sai sun zo kansa. Ƙaramin shi ne mugun wuri, don da an buɗe karta a tsakiya ke za ki fara magana, sauran suna bayanki suna kallon abin da za ki yi.

Neville ya ji daɗin ganinta, wallahi. Ya ɗauka ta huce. Kaka yake ce mata, shi da bai fi ta ƙuruciya da shekara huɗu ba, ita kuma ta ce masa ranka ya daɗe. Mutum ne mai son koyarwa ko ba a tambaye shi ba. Sati na uku da zuwanta ta bi jere daga ƙaramin makaho, wato tana da huɗu a layi tana jiran ta biyar, ba ta zo ba, kwabbanta suka tafi. Ya tsayar da wasa ya yi mata karatu a gaban kowa, cewa daga wannan kujera ba a bin jere, mai hankali yar da kartar yake ya huta, balle tsohuwa. Ta ce ta gode, ta ji.

Kuma ta ji ɗin. Daga ranar Dolor ta zama mai gaskiyar da ba a taɓa gani ba a teburin karta. Ba ta tura kwabo sai tana da abu a hannu. In ta tura kowa ya gudu, ba dole ba ne ta nuna kartarta, amma sai ta baje su a buɗe kowa ya gani, ga su nan, manya. Kowane sati haka. Har ya zama abin tsokana, in ta kai hannu kan kwabbanta sai mazan su fara tashi suna neman hularsu. Neville kan gaya wa baƙi cewa in Kaka ta turo, ko uwarsu ce a hannunsu su yar.

Ni abin ya dame ni. Ya ci ta huɗu muna kallo, ita ko teburin ƙarshe ba ta kai ba. A mota na ce mata Yaya, da wannan wasan naki ba za ki taɓa kayar da shi ba, kowa ya san abin da ke hannunki kamar an rubuta a goshinki. Ta ce in kalli hanya, akwai jirgin ƙasa mai ɗaukar rake yana tahowa.

Shekarar da zai nemi ta biyar ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Ta warke, amma da sanda. Marlene ta zo daga Townsville ta ce magana ta ƙare, watan Janairu za ta ɗauke ta, an riga an gyara mata ɗaki. Dolor ta yi faɗa, ta yi shiru, ta sake faɗa, ba ta ci ba. Saboda haka gasar Disamba ita ce ta biyar ɗin Neville, kuma ita ce Lahadin Dolor ta ƙarshe a ɗakin nan. Da ƙyar ma ta samu shiga, ita ce ta kusa da ƙarshe a cikin mutum talatin da biyu.

Ranar zafi kamar a tanda, fankoki suna juya iska mai ɗumi, hadari ya haɗu ya ƙi sauka. Ni kafin ƙarfe uku an yi waje da ni. A wurinmu wanda ya fita shi yake raba karta a teburin ƙarshe, Neville da kansa ya nuna ni, wai hannuna, ni Mena, ya yi nauyin da ba zai iya maguɗi ba. Na zauna na karɓi kartar. Dolor tana cikin takwas ɗin ƙarshe, ta jingine sandarta a jikin kujera, ko ruwa ba ta sha.

Wajen ƙarfe biyar saura mutum uku. Neville, Dolor, da wata Leanne, nas ce a asibiti, yarinya mai fara'a, kwabbanta ba yawa. Neville ya ɗan fi Dolor tsibi. Mutane sun bar mashaya sun zagaye mu.

Sai ƙaramin makaho ya zo kan Dolor, Neville kuma yana kujerar da ta fi kowace daɗi, wadda ke magana a ƙarshe. Na raba. Ni ban ga kartarta ba sai daga baya, amma bari in gaya miki tun yanzu, takwas da tara ne, ɗaya ja ɗaya baƙa. Neville ya ƙara, ta biya, Leanne ta yar. Na buɗe uku a tsakiya: sarki, bakwai, shida. Kin ga tana da shida, bakwai, takwas, tara. Biyar ta zo ko goma ta zo, jere ya cika. In ba su zo ba, ba ta da komai a hannu.

Ita ce da magana. Ta ƙwanƙwasa tebur, wato ta wuce. Ya zuba, ta biya. Ko a nan na ɗago na dube ta, don Dolor ba ta biya don ta ga abin da zai zo.

Na buɗe ta huɗu. Wata bakwai ce. Ba ta taimake ta da komai ba. Ta sake ƙwanƙwasawa. Neville ya gyara zobensa, ya turo tsibi babba, ya fi rabin abin da ke gabansa, yana cewa Kaka ta tafi gida ta huta, zomaye suna jira.

Daga baya ta gaya mini lissafin da ta yi a ƙarƙashin tebur da yatsunta. Biyar guda huɗu, goma guda huɗu, karta takwas ke nan da za su cece ta, kuma saura buɗi ɗaya. In an yi haka sau shida, sau ɗaya za ta tsira. Ta san wannan sarai. In ya amsa mata, kusan tabbas ta fita, ya haɗa nata da nasa ya murƙushe Leanne cikin minti biyar, ita kuma ta tafi Townsville ta zauna a ɗakin da aka gyara mata tana tunawa.

Ta sa hannu biyu a bayan kwabbanta, yadda take tura ƙullu a kan katako, ta tura su tsakiya gaba ɗaya. Ta ce, "Duka."

Neville ya daina murmushi. Ya leƙa kartarsa, ya kalli tsakiya, ya kalle ta.

"Bakwai ce a hannunki, Kaka?"

Tana kallon ƙofar kicin.

Ya yi ta magana shi kaɗai. Wai bakwai ce, ta ɗauko ta uku, shi ya sa ta lallaɓa. Wai shekara biyu yana wasa da matar nan, bai taɓa ganin ta turo da iska ba, ko sau ɗaya. Ya juya ya tambayi mutanen da ke tsaye ko wani ya taɓa gani, suka girgiza kai. Ya ƙirga abin da ya rage masa, ya sake ƙirgawa. Hannuna yana kan ragowar kartar, gumi har ya jiƙa ta sama. Ina ta kiran sunan Maryamu a zuciyata, ban ma san me nake roƙo ba, ya amsa ko ya gudu, tunda ban san abin da take riƙe da shi ba.

Can ya ɗauki kartarsa ya jefa a buɗe, don kowa ya ga irin gwanintar da ya yi. Sarki da sarauniya. Yana da sarki biyu ke nan da na tsakiya. Ya ce wa mutane su koya, haka ake yar da babban hannu in an san an fi ka. Wasu har suka tafa masa.

Dolor ta jawo kwabban a hankali, ta ɗauki lokacinta. Sannan ta baje kartarta a buɗe kamar yadda ta saba kowane sati, ta tura su gabansa da yatsa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, duba mini. Idona ba ya gani sosai. Me nake da shi?"

Wani daga baya ya leƙo ya ce takwas da tara ne, ba ta da komai. Sai maganar ta bi ɗakin, ba ta da komai, ba ta da komai, har mashaya. Dariyar da aka yi ranar Kirsimeti ban manta ƙararta ba, 'yar nan, kuma ina gaya miki wannan ta fi ta. Wuyan Neville ya yi ja har kunne.

Ba ta gama ba. A ƙa'ida in hannu ya ƙare ba a buɗe kartar da ta rage, amma a kulob ɗinmu in wanda ya ci ya yarda, ana buɗewa a ga abin da zai faru da an ci gaba. Neville ya ce in tattara in raba sabo, lokaci yana tafiya. Da goma ce ko biyar a saman nan, da ya samu abin faɗa, ya ce ai ko ya amsa ta cinye shi, gudun da ya yi daidai ne. Dolor ita ma ba ta san mece ce ba. Amma ta ce, "Mena, buɗe masa."

Na buɗe. Uku ce. Ukun banza, ba ta haɗa komai da komai ba. Da ya amsa, da Dolor ta fita, da ɗakin ya zama nasa.

Hannu biyu kawai ya ƙara. Mutumin da ke koya wa kowa haƙuri ya tura da tarkace, Leanne ta amsa ta ninka nata a kansa. Na gaba ya tura ragowar ko kallon kartar bai yi sosai ba, ta sake amsawa, ta share shi. Haka ya ƙare a na uku a gasar. Dolor kuwa daga nan wasan ya fita daga ranta, cikin minti goma ta miƙa wa Leanne komai, ta sumbace ta a kumatu, ta ce a ba ta ruwan sanyi.

Sai a lokacin muka san abin da Neville ya yi. Ashe tun sati biyu da suka wuce ya sa an zana masa farantin tagulla da sunansa, da ramukan ƙusa huɗu, ya ba mai mashaya ya ɓoye a ƙarƙashin kanta, don a manna a ranar kowa yana nan. Mai mashayar, wanda shi ma yana da nasa a ciki, ya fito da shi ya ɗora a kan kanta ya tambaya da ƙarfi ko shugaba zai tafi da kayansa ne ko a ajiye masa na shekara biyar. Neville ya fizge shi ya cusa a hammata. Ƙofar gaba cike take da mutane, sai ya nufi ta kicin don ya fita ta baya.

Dolor tana tsaye a bakin ƙofar da sandarta da kofin ruwanta. Ƙofa ce matsattsiya, ita kuma na gaya miki ba siririya ba ce. Ya tsaya. Ta ci gaba da shan ruwanta.

Ya ce, "Dolor." Ranar ce na fara jin ya kira sunanta tun zuwanta wasan.

Ta ce, "Na'am."

"Zan wuce."

"Na gani."

Ya tsaya, ta tsaya. Ina daga gefe da jakarta a hannuna. Ruwan sama ya fara sauka a kan kwano. Sai da ya ce don Allah, a hankali, ta ce ba ta ji ba, ya sake faɗa yadda na kusa suka ji, sannan ta matsa masa kaɗan, yadda sai da ya karkace ya bi ta gefe da farantinsa.

A mota ba ta yi dariya ba, ba ta yi murna irin ta mutane ba. Ta cire takalmanta ta miƙe ƙafar da ta karye, ta ce in bi ta wurin mai sayar da kifi kafin ya rufe, yunwa take ji.

Neville bai sake zuwa ran Lahadi ba, ya koma bugawa a wata mashaya can ƙetaren kogi, shekarar da ta biyo ma bai tsaya takarar shugabanci ba. Dolor ta tafi Townsville ranar tara ga Janairu, ta bar mini zomayen. Ta yi shekara huɗu a can. Duk sanda na kira ta a waya, kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi ko an sa wa ɗakin suna. In ce mata a'a Yaya, har yanzu ɗakin karta ake ce masa. Sai ta ce to, ya ƙafarki.